Yadda ake wanke dutsen aƙiƙ, a sake masa zare, a kula da zobensa

Yawancin kayan aƙiƙ da ake kawo mini gyara, dutsen lafiyarsa ƙalau. Abin da ke mutuwa shi ne zare, ko gam ɗin da ya riƙe dutse a zobe, ko ƙyallin da mai kayan ta kashe da hannunta wajen goge-goge. Tsakiyar da mace ta gada wajen kakarta tana iya kaiwa ga jikokinta, amma zaren cikinta ba zai yi wannan doguwar tafiya ba, shi ake sauyawa. Aikin ba ya son shago ko inji. Yini guda ya isa, in an cire lokacin bushewa.

Abu biyu za ki riƙe game da dutsen. Na farko, yana da tauri. A ma'aunin Mohs, wanda ke tashi daga 1 zuwa 10, aƙiƙ yana tsakanin 6.5 da 7, gilashi da ƙarfen wuƙa suna wajen 5.5, murjani kuwa 3 zuwa 4 ne. Sai dai tauri daban, jure faɗuwa daban. Halinsa irin na tangaran ne: wuƙa ba ta karce shi, amma ya faɗo kan siminti sai ya ɓantare. Na biyu, jikinsa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan yake shan rini, ta nan kuma yake shan mai da turare da duk abin da kika jiƙa shi a ciki.

Kayan aiki

Tire mai baki, da tawul da za ki shimfiɗa a ciki don kada duwatsu su gangare. Kwanon roba biyu, ɗaya na wanki ɗaya na ɗauraya. Kada ki yi da kwanon silba ko na tangaran, duwatsu suna bugun gindinsa. Sabulun wanke-wanke na ruwa, ko sabulun jarirai. Tsohon buroshin haƙori mai laushi, na yara ya fi. Tsumman auduga mai taushi, tsohuwar singileti ma ta wadatar. Tocila, ko ta waya. Almakashi mai kaifi, awon tela, allura siririya, da fil ko babbar allura ta jan ƙulli. Ɗan gutsuren kakin zuma. Man farce marar launi, da ruwan cire shi, da auduga.

Zare shi ne babban lamari. Ga aƙiƙ na fi son zaren lailon mai murɗi, irin wanda masu ɗinkin takalmi da jaka suke amfani da shi, domin dutsen yana da nauyi kuma bakin hudarsa yana cin zare. Ana samun sa wajen masu kayan ɗinki a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada a nan Zariya, kauri daban-daban. Ki tafi da dutse ɗaya ki gwada a gabansu. Zaren siliki yana da kyau ga ƙananan duwatsu masu santsin huda, amma ba ya shiri da gumi. Abu uku ban yarda da su ba: zaren keken ɗinki, zaren roba mai talewa, da igiyar fatsa. Na farko yana ruɓewa, na biyu yana tsinkewa ba sallama, ta ukun kuma ba ta riƙe ƙulli, tana bushewa ta karye idan ta tsufa.

Sai maɗauri, wato ƙugiya da zobenta. In babu, akwai dabara a mataki na 8.

1. Ki san abin da ke hannunki kafin ya taɓa ruwa

Ki zauna inda akwai haske, ki ɗauki duwatsun ɗaya bayan ɗaya ki haska tocila ta bayansu. Aƙiƙ na gaske yana barin haske ya ɗan ratsa shi, musamman ta gefe, kuma za ki ga ratsi-ratsi ko gajimare a ciki, babu biyu masu zane iri ɗaya. Idan kika ga ƙananan kumfa zagayayyu a ciki, gilashi ne. Idan akwai siririn layi da ya zagaye dutsen daga huda zuwa huda, a mazubi aka zuba shi, gilashi ne ko roba. Ki ɗora shi a kumatunki: dutse yana da sanyi kuma yana jimawa bai ɗauki ɗumi ba, roba kuwa ba ta da sanyi ba ta da nauyi. Gilashi ma yana da sanyi, don haka wannan gwajin roba kaɗai yake kamawa. In har yanzu kina shakka, ki ja tsinin allura a bakin huda, inda ba a gani. A jikin aƙiƙ ba ta barin komai sai ɗan zanen ƙarfe da yatsa ke gogewa.

Tsofaffin duwatsun da ke hannun mutanenmu ba daga wuri guda suka fito ba. Akwai na Khambhat a jihar Gujarat ta Indiya, garin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana fere jan aƙiƙ yana aikawa ƙasashen Larabawa da Afirka. Akwai na Idar-Oberstein a Jamus, inda a ƙarni na 19 suka koma shigo da ɗanyen dutse daga Brazil, suna fere shi suna rina shi, har suka riƙa yin na kasuwar Afirka ta Yamma musamman. Nasu ya fi daidaito, kusurwoyinsa a tsare. Akwai kuma lantana, jan dutsen da a da fatake Hausawa suka riƙa ɗaukowa daga ƙasar Nijar ta yanzu suna kaiwa Ilori a fere. Shi haske ba ya ratsa shi, amma ɗan gida ɗaya ne da aƙiƙ, kulawarsu guda. Na zobe kuwa, wanda alhazai ke zuwa da shi tsaraba, kowane mai shago zai ce miki ɗan Yaman ne. Gaskiya Yaman tana da aƙiƙ mai kyau, a yankin Anis na lardin Zamar, amma a ganina bakin mai sayarwa ba shaida ba ne, kuma ido kaɗai ba ya faɗa miki ƙasar da aka haƙo dutse.

Sai batun rini, wanda shi ya fi shafar wankinki. Shuɗi mai kaifi, ruwan hoda mai ɗaukar ido, shanshanbale, kore shar, duk waɗannan kusan kullum rinannu ne. Alamar ita ce launin yana taruwa ya yi duhu a cikin tsaga da bakin huda. Ki ɗiga ruwan cire man farce a auduga ki dangwala a bakin huda ɗaya. Idan auduga ta ɗauko launi, rinin na sama ne, wankinsa sai da lallaɓa kuma ba ya son rana. Idan ba ta ɗauko ba, hakan bai nuna launin na asali ba ne, domin akwai rinin da ke zama daram a cikin dutse. Baƙin aƙiƙ da yawa, misali, jiƙa shi ake yi a ruwan sukari ko zuma sannan a sa shi a asid, sukarin ya ƙone a ciki ya bar baƙi. Jan kuma sau da yawa gasa shi aka yi, zafi ya juya ƙarfen da ke cikinsa daga ruwan ƙasa zuwa ja. Wannan tsohuwar sana'a ce, launin ba ya gushewa, ni ban ɗauke ta ha'inci ba.

Duk dutsen da kika ga tsaga a jikinsa, ki ware shi gefe. Idan kayan gado ne mai daraja kuma ana maganar sayarwa ko rabo, gwajin gida bai isa ba. A nemi wanda ya karanci ilmin duwatsu, muna da sashensa a Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru.

2. Hoto tukuna, sannan almakashi

Ki shimfiɗa sarƙar a kan tawul ki ɗauke ta hoto, ki auna tsawonta, ki ƙirga duwatsun. Masu koyo suna raina wannan, sai sun yanke zare su rasa wane ke bin wane. Ki yanke a cikin tire, kusa da ƙasa, ba a tsaye ba. Idan akwai murjani, lu'ulu'u, ko ƙwallayen azurfa a jeren, ki ware su, ba a wanke su tare da aƙiƙ.

3. Wanki

Ruwa mai ɗumi kaɗan, wanda za ki iya yi wa jariri wanka da shi, da ɗigo biyu ko uku na sabulu. Kafin komai ki ɗauraye duwatsun a ruwa zalla, ki motsa su a hankali ƙura ta sauka. Dalili kuwa, ƙurar da iska ke kwasowa tana ɗauke da ɓarɓashin yashi mai taurin 7, daidai da na dutsen ko sama da shi kaɗan. Duk wadda ta ɗauki busasshen tsumma ta murje aƙiƙ mai ƙura, da kanta take karce shi. Ba a gani a rana ɗaya, sai an shekara ana yi a ga ƙyalli ya dusashe. A nan Zariya, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ko a cikin durowa aka ajiye abu sai hazo ya same shi, don haka da hunturu kada tsumma ya riga ruwa.

Bayan ɗauraya, ki sa su a ruwan sabulu na minti 5 zuwa 10, kaɗan-kaɗan, ba duka a cunkushe ba. Rinannu kada su wuce minti ɗaya ko biyu, masu tsaga kuma a shafe su da jiƙaƙƙen tsumma kawai. Ki bi kowanne da buroshi, ki fi mai da hankali ga bakin huda inda dauɗa da man jiki ke daskarewa. Ki ɗauraye a kwano na biyu har santsin sabulu ya fita. In ruwan rijiyarku yana barin farin tabo a kofi, ki yi ɗaurayar ƙarshe da ruwan leda.

Kada tafasasshen ruwa ya kusance su, kada kuma a fito da su daga ɗumi a tsoma a ruwan randa. Sauyin zafi farat ɗaya yana buɗe tsagar da take ɓoye. Hypo da Jik, kanwa, toka, omo, ruwan batir da wasu ke wanke azurfa da shi, duk babu su a wannan aiki.

Wani lokaci bayan wanki sai dutse ya fito fari-fari, ya fi da muni. Ba ke kika ɓata shi ba. Mai sayarwa ne ya shafe shi da mai don ya ɓoye karce, ko kuma man jiki na shekaru ne ya fita. Idan tsohuwar tsakiya ce, ki bar ta haka, sawa za ta dawo mata da sheƙinta. In kin matsu, ɗigo ɗaya na man jarirai a tsumma ya ishi sarƙa guda, a goge shi tas. Man gyaɗa da man zaitun suna yin ɗoyi, suna kama ƙura.

4. Huda

A nan ake sanin ko sabon zaren zai daɗe. Ki jiƙa guntun zare da ruwan sabulu ki zura, ki ja gaba da baya har ya fito fes. Ragowar tsohon zare da ya maƙale, ki tura shi da allura daga ɓangaren da ya fi faɗi, a hankali. Kada ki cusa ƙusa ki buga, dutsen rabewa zai yi biyu.

Tsofaffin duwatsu da yawa ta kai biyu aka huda su, hudojin suka haɗu a can ciki, kuma ba kullum suke haɗuwa daidai ba. Wannan mahaɗar tana da kaifi. Ki gwada: ki zura zare ki ja shi sau goma da ɗan ƙarfi, ki duba. Idan ya yi gashi-gashi, dutsen yana cin zare. Maganinsa siririn magogi mai ɓarɓashin daimon da masu harkar duwatsu ke sayarwa. In babu, ki nemi baƙar samfefa ta ruwa, irin ta masu fentin mota, mai laushi, lamba 600 ko sama, ki yanko siririya ki naɗe ta ki murza a bakin hudar. Ko da wanne za ki yi, a cikin ruwa ake yi. Ƙurar aƙiƙ tana lalata huhu, cutar da ta addabi masu fere shi a Khambhat ke nan, don haka ba a goga shi a bushe, ba a kuma hure shi da baki.

5. Bushewa

Ki tsane su da tsumma, ki baza a kan busasshen tawul a inuwa, su kwana. Da damina ki ba su kwana biyu. Waje yana bushewa da wuri, cikin huda ne ke riƙe ruwa, kuma zaren da aka rufe da laima yana wari.

6. Awon zare

Ki jera duwatsun a tawul yadda suke a hoto, mafi girma a ƙirji, ƙanana suna bi zuwa wuya. Masu tsaga ki mai da su baya kusa da maɗauri, inda ba sa bugun komai. Sarƙar santimita 45 tana zama a gindin wuya. Ki sani ƙulle-ƙulle za su ƙara mata tsawo, wataƙila ki rage dutse ɗaya ko biyu.

Ki yanko zare mai tsawon sarƙar sau shida, ki zura a allura ki ninka shi biyu. Ga sarƙar santimita 45, wajen mita 2.7 ke nan. Zai yi miki kamar ɓarna, amma ƙulli yana cin zare, kuma ƙarewar zare ana saura dutse biyar ta fi ɓarnar ciwo. Ki ja shi da ƙarfi tsakanin hannuwanki sau da yawa ya gama miƙewarsa yanzu, in ba haka ba zai miƙe a wuyanki ya bar giɓi. Sannan ki bi shi da kakin zuma sau biyu. In babu kaki, kyandir ya fi babu.

Gwajin kauri: ki yi ƙulli ɗaya ki ja dutse a kansa. Idan ƙullin ya shige cikin huda, zaren ya yi siriri. Ki ƙara kauri, ko ki ninka huɗu. Tsofaffin tsakiya masu faɗin huda, gara a sa ƙaramar ƙwallar azurfa ko ƙaramin dutse a kowane gefe ya tare ƙullin.

7. Zurawa da ƙulli

Ana yin ƙulli tsakanin kowane dutse da na kusa da shi saboda abu biyu: kada su riƙa gugar juna suna ɓantare baki, kuma ranar da zare ya tsinke a gidan biki, dutse ɗaya ne zai faɗi, ba duka ba.

Ki bar jela kamar santimita 15 a ƙarshen zaren, ki yi ƙulli sako-sako na wucin gadi. Ki zura duwatsu uku na farko, ki zura zoben maɗauri ki zagaya shi sau biyu, sannan ki komo da allura ta cikin dutsen da ke kusa da maɗaurin, ki yi ƙulli a kan zaren da ke wurin. Ki ratsa na biyu ki ƙulla, ki ratsa na uku ki ƙulla. Yanzu kan sarƙar ya kafu, kuma allura tana fuskantar inda sauran za su bi. Duwatsun nan uku ki zaɓe su cikin masu faɗin huda, tunda zare sau biyu zai ratsa su.

Daga nan sai a bi ɗaya-ɗaya. Ki zura dutse ki tura shi ya manne da ƙullin baya. Ki yi ƙulli sako-sako, irin na yau da kullum, ki sa tsinin fil a cikin idonsa. Da fil ɗin za ki ja idon ƙullin har ya zauna a jikin dutse, ɗaya hannun yana jan zare a hankali. Idan ya zauna, ki danne shi da farcen babban yatsa ki zare fil, sannan ki raba zaren biyu ki ja su hagu da dama. Wannan jan ne ke matse ƙullin ya kwanta a bakin huda.

Kuskuren da kowa ke yi da farko shi ne matse ƙulli kafin ya isa wurinsa, sai a sami giɓi. Muddin fil yana cikin idon, ƙullin yana tafiya. Kin zare shi, ya tsaya ke nan. In ya kulle nesa da dutse, ki kwance shi da tsinin allura tun bai yi tauri ba, kada ki ce za ki rufe giɓin da ƙulli na biyu, yana fitowa ƙatoto a karkace. Akwai kuma matsewar da ta wuce kima, wadda ke sa sarƙa ta sandare ta ƙi kwanciya a wuya. Bayan kowane dutse biyar ki ɗaga ta ki lanƙwasa. Ya kamata ta lanƙwasu ba gardama, kuma kada ki ga zare tsirara.

Ki riƙa yin ƙullin ta fuska ɗaya daga farko har ƙarshe. In hannunki ya yi gumi ki wanke, farin zare ba ya yafe dauɗa.

8. Rufewa

Duwatsu uku na ƙarshe ki zura su ba ƙulli, ki bar ɗan sarari kaɗan tsakaninsu. Ki zagaya ɗaya ɓarin maɗaurin sau biyu, ki komo ta cikinsu kina ƙullawa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda kika yi a farko. Ki ratsa dutse na huɗu da ragowar zaren, ki yanke dab da shi, ki yanke jelar farko ita ma. Ki ɗiga man farce marar launi da tsinin fil a kan ƙulli biyu na ƙarshe a kowane ɓangare. Super Glue yana sandarar da zare har ya karye, yana kuma barin farin tabo a dutse.

In babu maɗauri, hanya biyu ce. Ko ki yi ta doguwa, santimita 70 ko fiye, yadda za ta shiga ta kai, ki haɗa bakin biyu ki ratsa duwatsu uku ta kowane gefe kina ƙullawa. Ko ki sa zagayayyen dutse ɗaya a wannan kai, ki kitsa ɗan hanci na zare a wancan kai wanda dutsen zai shige da ƙyar.

Ki rataye ta kwana ɗaya kafin a sa.

9. Zoben maigida

Zoben aƙiƙ na maza a azurfa ake yin sa, tunda zinare bai halatta gare su ba, kuma ya zo a Sahihu Muslim daga Anas cewa zoben Annabi (SAW) na azurfa ne, dutsensa ɗan Habasha. Falalolin da masu talla ke jerowa game da aƙiƙ kuwa, malaman hadisi da yawa sun raunana ruwayoyinsu, wannan a tambayi malamai. Azurfa mai kyau za ki ga an buga mata 925 a ciki, ko da yake hatimi ma ana ƙirƙirarsa.

Ki fara da gwada zaman dutsen. Ki kai zoben kusa da kunne ki ƙwanƙwasa shi da farce. In kin ji ƙas-ƙas, ko dutsen yana juyawa idan kin tura shi, kada ki wanke, a kai wa maƙerin farfaru ya matse masa baki. Zobba masu araha da yawa gam ne kawai ya riƙe dutsen, ga bayansu a rufe, ruwa yana shiga ya kwanta. Irin waɗannan ba a jiƙa su. Buroshi mai ɗan kumfa, ɗauraya da sauri, a tsane, a kife shi a tawul ya kwana. Mai buɗaɗɗen baya ya fi sauƙi, ki bi ta bayan da buroshi inda sabulu ke taruwa.

Baƙin da azurfa ke yi daga sinadarin farar wuta ne, wanda ke cikin gumi, ƙwai, albasa da roba. A goge ƙarfen kaɗai da ƙyallen goge azurfa, a kauce wa dutsen. Makilin yana karce azurfa, yana kuma maƙalewa a ƙarƙashin bakin zobe. Dabarar nan ta tafasasshen ruwa da soda da takardar alminiyom tana fitar da baƙi, amma ta azurfa zalla ce, zobe mai dutse ba ya shiga.

Idan za a rage ko a ƙara faɗin zoben, ki ce wa maƙeri ya cire dutsen kafin ya sa wuta. Azurfa tana kai zafi ko'ina cikin ƙiftawar ido, dutsen yana iya tsagewa ko ya sauya launi. Maƙerin da ya ce ba komai, a karɓi zobe a gode masa a nemi wani. Ruwan alwala ba ya cutar da aƙiƙ, a dai riƙa tsane ƙarƙashin zoben. Wanki, kwaɓa siminti da gyaran babur ne ake cire shi.

10. Sawa da ajiya

Sarƙa ita ce ƙarshen shiga, ita ce farkon fita. A gama shafa mai, a fesa turare, a shafa humra, a turara kaya, jiki ya sha, sannan a sa ta. Hayaƙin turaren wuta yana barin danƙo a dutse da zare. Masu man bilicin su sani yana cin zare da maɗauri, yana kuma kashe rini. In an dawo daga unguwa a shafe ta da ɗanyen tsumma, a bar ta ta sha iska kafin a rufe.

Kowace sarƙa da jakarta ta yadi. Aƙiƙ yana karce zinare, azurfa, murjani da lu'ulu'u idan aka zuba su a gwangwani ɗaya. Shi kuma akwai waɗanda suka fi ƙarfinsa: tofaz na Jos mai taurin 8, safaya irin ta Mambila da kudancin Kaduna mai 9, da fararen duwatsun zarkoniya da ke jikin sarƙoƙin yayi. A kwance ake ajiye ta, rataya ta dindindin tana miƙar da zare. Rinannu kada a bar su a taga ko a cikin mota da bazara.

Duk bayan wata shida ki ɗaga sarƙar a haske ki duba. Idan dutse yana zamewa tsakanin ƙulli biyu, ko ƙullin ya yi baƙi, ko zare ya yi gashi kusa da maɗauri, lokacin sauyawa ya yi. Wadda ake sawa kullum takan nemi sabon zare bayan shekara ɗaya zuwa biyu, ta biki da salla kuwa tana kaiwa shekara huɗu ko biyar.